Wata Guda Ina 'Yar Haya a Gidan Kawuna

Alhamis, 13 ga Fabrairu, bayan La'asar

Na dawo Lanham, garin da muke zaune nan Amurka, da azahar, na ci tuwo, na yi wanka, sannan na buɗe imel ɗin da nake ta kewayewa tun shekaranjiya. Da na bari tuwon ya narke tukuna.

Daga Linda ne, ta ejensi. Ejensi shi ne kamfanin da ke tsakanina da asibitin da nake aiki a Richmond: asibiti ya biya su, su biya ni, su yagi nasu a hanya kamar kowane dillali. Ni nas ce ta kwantiragi. Litinin zuwa Laraba ina can, ina kwana a ɗakin da muka kama ni da ƙawata Constance, ranar Alhamis in kamo hanya in dawo gida wurin Kawu Almu da Anti Furera. Saboda wannan zirga-zirgar ake ba ni alawus na masauki da abinci, kuma ba a cire masa haraji, wai don ina ɗauke da nauyin gida biyu. Alawus ɗin nan shi ne romon aikin, albashin kansa ba abin nunawa ba ne.

Linda ta ce suna bincike, kowa ya kawo shaidar yana biyan wani abu a gidansa na asali: takardar haya da shaidar biya. Wanda bai kawo ba, alawus ɗinsa na bara kaf zai koma albashi, haraji ya hau kansa, na gaba ma haka. Ta rufe da fatan in wuni lafiya.

Ban damu ba. Ni da nake sauke buhun shinkafa a gidan nan duk wata, wa zai ce ba na ɗaukar nauyi?

Juma'a, 14 ga Fabrairu, da yamma

Na je Hyattsville wurin Mista Katung, mai cike wa mutanenmu takardun haraji. Ofishinsa yana bayan shagon kayan miya, sai ka ratsa tsakanin busasshen kifi da jarkokin manja kafin ka isa teburinsa, shi ya sa duk takardar da ta fito daga hannunsa da ƙamshinta take fita. Mutumin Kudancin Kaduna ne, irin masu fara dariya kafin su ba ka mummunan labari.

Na juye masa ledar rasit ɗina a tebur da alfahari. Ya riƙa ɗagawa ɗaya-ɗaya yana karantawa. Shinkafa, manja, cinyar rago, daddawa.

Ya ce, "Sista, wannan ba rent ba ne. Cefane ne."

Na ce ai cefanen gidan ne.

"Kin ci a ciki?"

"Na ci mana."

"To kin ciyar da kanki ke nan, gwamnati na taya ki murna. Abin da suke so su gani, kina biyan wurin kwana can, kina biya nan. Nawa kike ba kawunki a wata?"

Na tsaya ina kallonsa. In ba Kawu? Na ce, "Mista Katung, kai fa ɗan Najeriya ne." Ya ce shi ɗan Najeriya ne, amma fom ɗin ba ɗan Najeriya ba ne.

Ya danna kalkuleta ya juyo mini da fuskarta. Ba zan rubuta adadin a nan ba. Ko an sayar da motata har da safayar taya, da saura. Ya ce mafita ɗaya ce: Kawu ya rubuta mini takardar haya, in riƙa biyansa da cek, shi ma ya bayyana kuɗin a nasa harajin.

Ban damu ba. Na sayo kifi tunda na riga na shiga shagon.

Asabar, da safe

Zan faɗa wa Kawu yau.

Asabar, bayan Isha

Yana kallon labarai. Ba a katse wa babba labarai.

Lahadi, 16 ga Fabrairu, da hantsi

Na fito da niyyar magana, na tarar da shi tsugune gaban motata cikin sanyin nan, da hular sanyi a kan jallabiya, yana latsa tayar baya da babban yatsa.

"Ke Uwata! Da wannan tayar kike zuwa Richmond? So kike a kira ni daga bakin titi?"

Daga taya ya koma kan man inji, daga man inji ya koma kan rabona da kiran Umma a Zariya, daga nan ya sauka kan tsawon siket ɗin da na sa ranar Alhamis. Ya rufe da cewa in shiga ciki kar mura ta kama ni.

Kawu Almu yayan Umma ne. Ya yi shekaru yana injiniya a wani ofishin gwamnati a unguwar Southwest, ya yi ritaya, yanzu ba shi da ma'aikatan da zai duba sai ni da Anti. Shi ya ɗauko ni bayan rasuwar Baba, ya ba ni ɗakin ƙasa, ya ce nan ne gidana har in ga dama. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, Hajiya Tayyiba, don haka tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Uwata yake cewa. Da Uwata yake buɗe faɗa, da Uwata yake miƙo mini hannu duk daren Alhamis in auna masa hawan jini, yana musu da na'urar.

To wannan mutumin zan ce wa ya yanka mini kuɗin haya. Na shiga ciki kamar yadda ya ce.

Talata, 18 ga Fabrairu, Richmond, bayan an tashi aiki

Constance ta ce ban da wayo. 'Yar Jos ce, ita ta jawo ni aikin kwantiragi, kuma ita tata takardar tsaf take. Wanta Jerome haya yake karɓa a hannunta har da kuɗin wurin ajiye mota, suna gamawa su ci abinci tare suna dariya.

Ta ce, "Takarda ce kawai, Tayyiba. Ki ce ya sa date daga Janairun bara, ya sa hannu, magana ta ƙare. Mene ne a ciki?"

Na ce ba ta san Kawu ba. Ta ce ai ba ta san adadin ba ma, in faɗa mata. Da na faɗa, sai ta ajiye cokali ta ce in kira shi yanzu-yanzu.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, da rana

Na fara gwada Anti Furera a kicin. Ta saurare ni har ƙarshe tana gyaran alayyafo, sannan ta ce, "Ba da ni ba. Ni ban ji ba, kuma in ya tambaye ni, ban ji ba."

Alhamis, bayan Magariba

Na faɗa.

Juma'a, 21 ga Fabrairu, da safe

Ba zan rubuta duka ba.

Ya cire tabarau ya ce in maimaita. Na maimaita, har da bayanin gida biyu da Mista Katung ya yi mini. Ya ce, "A wane gari aka taɓa karɓar haya a hannun uwa?" Na ce takarda ce kawai, Kawu. Da na tsaya nan da sauƙi, amma bakina ya ɗauko shawarar Constance ta sa kwanan wata daga bara.

Ya ce, "Sun zama biyu ke nan. In zama mai cin kuɗin 'yar ƙanwata, in kuma zama maƙaryaci da sa hannuna."

Ya tashi ya bar tuwonsa. Na'urar awon jini tana kan kujera inda na ajiye ta, ba wanda ya taɓa.

Idona ya kumbura yau, sanyi ne.

Lahadi, 23 ga Fabrairu, bayan Azahar

Ya kira ni falo, ya zaunar da Anti a matsayin shaida. Ya ce na baya ya wuce, ba ya sa hannu a kan abin da bai faru ba, in biya gwamnati haƙƙinta ko da kaɗan-kaɗan ne. Na gaba kuwa, tunda haya nake so, za a yi haya daga ɗaya ga wata.

"Amma ki sani, ni ban iya rabin abu ba."

Wallahi murna na yi. Na baya ya tafi, amma na tsira da na gaba. Har na kira Constance muka yi shewa. Anti ce kawai ta bi ni da wani kallo, irin wanda ake wa mutumin da ya taka abu bai sani ba yana shirin shiga ɗaki.

Alhamis, 27 ga Fabrairu, da yamma

Takardar haya ta fito. Na manta cewa mutumin nan ya ƙare shekarun aikinsa yana duba kwangilolin gwamnati. Abin da Mista Katung ya ce shafi ɗaya ya isa, Kawu ya mai da shi littafi, har da bango.

Mai haya tana da shiryayye na biyu a firji, ban da ƙofa. Injin wanki ranar Asabar. Mota a gefen titi, ba a gaban gareji ba. Mai gida ba zai sauko ɗakin ƙasa ba sai ya ba da sanarwa a rubuce tun jiya. Akwai sashe guda a kan wanda zai kwashe ƙanƙara daga matakala, da zanen matakalar.

Kuɗin hayar ma bai ƙaga da ka ba. Wai doka ta fi son farashin da ake yayi, don haka ya bi dattawan masallaci ɗaya bayan ɗaya yana tambayar nawa ake ba da ɗakin ƙasa a Lanham.

Wurin sunan mai haya ne kawai ya bari fari. Ya riƙe biro ya daɗe, sannan ya tura wa Anti takardar ya ce ta cike, rubutunta ya fi kyau. Anti da rubutunta ko ita ba ta iya karantawa.

Asabar, 1 ga Maris, ɗaya ga azumi, da hantsi

Na kai cek. Na durƙusa zan gaishe shi kamar kullum, ya ɗaga hannu.

"A'a, Malama, tashi. Ga kujera."

Malama. Na waiga in ga ko wata ta shigo bayana.

Ya karɓi cek ɗin da hannu biyu, ya duba gaba da baya, ya rubuta rasit, ya buga masa hatimi. Hatimi fa ya sa aka yi masa. Ya tambaye ni ko ɗakin yana da wata matsala, na ce babu. Ya ce madalla, ya gode da hulɗa.

Na sauko na ɗauki hoton rasit na tura wa Linda. Ban damu ba, wasa yake, kafin la'asar zai gaji.

Asabar, bayan shan ruwa

Bai gaji ba.

Ana kiran salla a wayarsa na hau sama na nufi tabarma inda nake zama duk shekara, kusa da ƙosai. Na tarar babu kofina. Anti ta biyo ni matakala da tire: kunun gyaɗa, ƙosai, dabino, farfesu, an rufe da ƙyalle mai aiki, irin wanda ake kai wa maƙwabta.

Ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Wai a kai wa maƙwabciya buɗa-baki, akwai lada."

Na ce Anti, ni ce maƙwabciyar? Ta ce ita dai 'yar aike ce, kuma gwiwarta na ciwo.

Na ci a bakin gado. Ƙosan ya yi daɗi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ina jin ƙarar cokulansu ta saman kaina.

Lahadi, 2 ga Maris, da yamma

Ba a mayar da kwanon maƙwabta fayau, don haka na zuba lemo da ayaba na mayar. An aiko da godiya.

Juma'a, 7 ga Maris, da rana

To, tunda haka ne, ni ma na iya. Na buɗe littafinsa na nemo sashen gyare-gyare, na rubuta masa cewa hita tana ƙara kuma tagar bayi ba ta rufuwa. Tagar nan ni na ɓalle mata marfi bara, ya sani, ya yi mini faɗan mako guda a kai.

Sanarwa ta zo ta ƙarƙashin ƙofa cewa mai gida zai sauko gobe.

Asabar, 8 ga Maris, bayan Azahar

Ya yi sallama sau uku a ƙofar ɗakin da shi ya yi wa fenti. Ya shigo da akwatin kayan aiki, ya gyara hita, ya gyara taga, da azumi a bakinsa. Na bar kaya a warwatse da gangan, takalmi a kan kujera, kofin shayin sahur a ƙasa. Ya tsallake kofin kamar bai gani ba.

Ya ce, "Malama, a gwada tagar a gani."

Na gwada. Tana rufuwa. Ban taɓa jin haushin taga mai rufuwa irin na yau ba.

Lahadi, da safe

Na ajiye mota a gaban gareji, a karkace, taya ɗaya a kan ciyawarsa.

Lahadi, da yamma

Takarda a gilashin mota: ana tunatar da mai haya sashe na bakwai, tare da fatan an sha ruwa lafiya.

Laraba, 12 ga Maris, Richmond, lokacin hutu

Constance ta ce ba ta gane ni ba. "Da kina kuka yana miki faɗa, yanzu kina kuka ya daina. Me kike so?" Na ce ba kuka nake ba, azumi ne. Ta ce ita ma tana nata azumin na coci, amma ba ta zauna tana kallon hoton taya a waya ba.

Tayar ta ƙara lotsawa, shi ya sa na ɗauke ta hoto. Ba wanda zan tura wa.

Alhamis, 13 ga Maris, kafin Magariba

Na tsaya kantin magani na kan hanyar gida in sayi man shafawa. Can ƙurya, wurin na'urar awon jini ta kyauta, sai ga hular sanyi da na sani. Kawu ne zaune, ya zura hannu cikin na'urar, ya sa tabarau yana karanta umarnin da ke jiki. Bai naɗe hannun riga ba. Ga shi ya harɗe ƙafa, abin da na hana shi ya fi a ƙirga.

Na laɓe bayan shiryayyen man goge baki har ya tafi. Wata ma'aikaciya ta tambaye ni ko ina neman wani abu, na ce a'a.

Ban sayi man ba.

Juma'a, 14 ga Maris, bayan an dawo daga masallaci

An yi buɗa-bakin jama'a. Ina ɓangaren mata ina zuba zoɓo, sai Hajiya Sailuba ta jawo ni gefe. Ita ce mai rabon abinci, kuma duk labarin da ya shiga kunnenta da yamma, kafin asuba ya isa Hyattsville.

Ta riƙe hannuna ta ce, "Sannu 'yar nan, Allah ya ba ki haƙuri. Ashe abin da Alhaji Almu yake miki ke nan? Marainiya, 'yar ƙanwarsa, mai sunan uwarsa, ya yanka mata haya! Amurka ba ta bar kowa ba."

Na ce ba haka ba ne, Hajiya. Ta ce ai kullum mai haƙuri haka yake cewa, ta ƙara mini nama.

A mota Anti ta ba ni sauran. Tun ranar da ya yi tambayar farashi maganar ke yawo. Dattawa suna ce masa Alhaji Landlord. Wani har ya tambaye shi ko akwai sauran ɗaki, ƙaninsa na zuwa. Na ce me ya ce musu? Ta ce bai ce komai ba. In ya yi bayani, sai ya ce ke kika nema, kuma ya fi son a zage shi da a ce 'yarsa ba ta da tarbiyya.

Na tuƙa mu har gida. Na ajiye motar a gefen titi, daidai, yadda sashe na bakwai ya ce.

Lahadi, 16 ga Maris, da hantsi

Umma ta kira. Ina wanka.

Lahadi, bayan Azahar

Ta sake kira. Ina salla.

Lahadi, bayan La'asar

Ta turo saƙon murya mai tsawon huɗuba. Na saurari farkonsa, inda ta ce labari ya zo mata ta Kaduna, na kashe. Na dai ji ta ce ko ni ko yayanta, ɗaya ya haukace, kuma tana zargin duka biyun.

Laraba, 19 ga Maris, Richmond, da rana

Linda ta amsa. Takardar haya ta yi, har ta ce ba ta taɓa ganin mai kyau irinta ba, ko mai gidan nawa lauya ne? Alawus zai ci gaba ba haraji. Na bara kuwa yana nan a wuyana, Mista Katung zai nema mini biya kaɗan-kaɗan.

Constance ta rungume ni ta ce na ci nasara. Na ce eh.

Na ci nasara.

Juma'a, 21 ga Maris, bayan shan ruwa

Anti ta yi yaji ba tare da ta bar gida ba. Ta ajiye tiren a tsakiyar matakala ta ɗaga murya yadda sama da ƙasa za su ji.

"Na gaji! Wanda ya ga dama ya sauko da shi, wadda ta ga dama ta hau ta ɗauka. Kanku ɗaya ku biyun, taurin kan tsohuwa ɗaya kuka gada, Allah ya jiƙanta. Ni ba da gwiwata za a yi shari'ar nan ba."

Shiru daga sama. Shiru daga ƙasa. Can na leƙo, shi ma ya leƙo, muka haɗa ido, kowa ya koma. Kunun ya huce a matakala. Da yunwa ta ci ƙarfina na lallaɓa na ɗauka, na tarar an ƙara dabino a kai, irin manyan da yake ɓoyewa a ɗakinsa.

Na damu. Na rubuta, ga shi nan. Na damu ƙwarai, ina kewar gidanmu alhali ina cikinsa.

Asabar, 22 ga Maris, da rana

Na koma wurin Mista Katung na ce ina so a riƙa cire wa alawus ɗina haraji kamar albashi, in daina zama 'yar haya. Wannan karon bai yi dariya ba.

"Sista, kin san nawa za ki rasa duk wata?"

Ya jawo kalkuleta, na dafe ta na ce kar ya nuna mini, da azumi nake. Ya ce a shekarun da ya yi yana aikin nan, kowa zuwa yake a rage masa, ni ce ta farko da ta zo a ƙara mata. Ya tambaye ni ko uncle ɗin ne ya kore ni. Na ce a'a, ladabi yake mini. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce shi ma yana da wani kawu a Zonkwa, ya gane.

Ya tuna mini cewa hayar Maris ta riga ta shiga, Kawu zai biya haraji a kanta baɗi. Wato a duk wannan wahalar, gwamnati ce kawai ta ci riba.

Talata, 25 ga Maris, Richmond, da yamma

Na tura wa Linda saƙon cewa a riƙa cire harajin. Ta tambaye ni sau biyu ko na tabbata. Constance ba ta yi mini magana ba tun safe, sai dai ta ajiye mini dabino a kan filo.

Alhamis, 27 ga Maris, bayan La'asar

Na rubuta wa mai gida cewa na ajiye haya daga ƙarshen wata, na tura ta ƙarƙashin ƙofar falo. Ban faɗi dalili ba, littafin bai ce a faɗa ba.

Amsa ta zo: za a duba ɗaki ranar Asabar kafin a sallami mai haya.

Asabar, 29 ga Maris, jajibirin Salla, kafin Magariba

Ya sauko da tocila da allon rubutu, Anti na biye da shi. Ya duba bango, ya duba taga, ya haska ƙarƙashin gado. Bai ga akwati ko ɗaya a ɗaure ba. Na ga idonsa yana nema.

Ya ce, yana kallon allonsa, "Malama ta sami wani wurin ne?"

Na ce a'a.

"To ina za a koma?"

Na zame daga bakin gado na durƙusa. Na ce ba inda za ni, Kawu. Na gaya wa ejensi su riƙa cire harajin, na fasa. Nan ne gidana, kai ka ce har in ga dama, kuma ban ga dama ba.

Ya kashe tocila. Ya ce, "Kin fasa me?"

Na ce alawus ɗin, wato rangwamen.

Sai allon ya sauka a kan tebur da ƙarfi.

"Ke Uwata! Kina da hankali kuwa? Wata guda ina shan kunya a masallaci, yara da manya suna ce mini Landlord, na sayi hatimi da kuɗina, na hana kaina cin abinci da ke, duk don kuɗin nan su tsira, sannan ki tashi rana tsaka ki kai wa gwamnati kyauta? Wa kika yi shawara da shi? Wannan shashancin a ina kika koyo shi?"

Daga nan ya hau. Ya bi ta kan tagar da na ɓalle bara, ya bi ta kan kofin da ya tsallake, ashe ya gani. Ya bi ta kan ciyawarsa, da kiran Umma da na ƙi ɗauka, da tayar baya, wadda ya ce kullum da safe sai ya fita ya latsa ta, yana haɗiye magana har cikinsa ya kumbura. Anti ta zauna a kujerata ta miƙe ƙafa tana cewa, "Ƙara mata, Alhaji."

Ni kuwa ina durƙushe, kaina a ƙasa, hawaye na zuba, bakina ya ƙi rufuwa. Ya ce dariya ma nake masa? Na ce a'a, Kawu, ci gaba.

Kiran salla ne ya cece ni. Ya juya zai hau, ya tsaya a matakala ya ce in ɗauko kofina, kuma in taho da na'urar nan, ta kantin magani maƙaryaciya ce.

Lahadi, 30 ga Maris, ranar Salla, da yamma

Jinin Kawu ya hau sosai jiya. Ya ce laifina ne, kuma na yarda.

A filin idi ya riƙe hannuna ya kai ni har gaban Hajiya Sailuba ya ce ta gaisa da uwarsa. Anti ta karɓe hatimin ta jefa a durowar cokula. Na kira Umma, ta yi nata faɗan, amma bai kai nasa daɗi ba.

Biyan farko na harajin bara yana jirana wata mai zuwa, kuma albashina zai rame. Gobe da sassafe, kafin in kama hanyar Richmond, za mu je a canza taya. Ya ce shi zai tuƙa, don ban iya komai ba.